Likita Ishaya Audu, Da Yadda Asibitin Gari Ya Zama Wurin Bincike

A cikin 'ya'yan Arewa da suka fara yin ilmin likita na zamani har suka kai matuƙarsa, da wuya a ƙirga uku ba a ambaci Likita Ishaya Shu'aibu Audu ba. Yawancin masu karatu sun san shi da abu biyu. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma shi ne Ministan Harkokin Waje a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. Amma abin da ya sa muka ɗauko tarihinsa wani abu ne da ba a cika faɗa ba. A zamanin shugabancinsa ne aka ɗauki asibitocin gari, irin waɗanda talaka ke zuwa da katinsa a hannu, aka mai da su wuraren koyar da likitoci da binciken cututtuka, har da wani asibitin karkara a ƙasar Katsina. Mu da ke wannan gefe na iyaka, daga Bugaje zuwa Jibiya, inda sanƙarau ke iya leƙo mu kowace bazara, muna da rabo a cikin wannan labari.

An haife shi ran 1 ga Maris, 1927, a Anchau, cikin Lardin Zazzau. Mahaifinsa, Malam Bulus Audu, ya fito daga cikin jama'ar nan da ake kira Isawa, waɗanda waɗansunsu suka bi Likita Miller na mishan ɗin C.M.S. Waɗannan mutane sun kafa ƙauyensu a Gimi, amma ba su daɗe ba ciwon barci ya faɗa musu, ya kashe na kashewa, sauran suka watse. Watau tun kafin a haifi yaron cutar ta riga ta yi wa mutanensu ɓarna.

Ita ma Anchau ba ta tsira ba. A shekarun 1930 ma'aikatan yaƙi da ciwon barci suka bi ƙasar gari gari, suna latsa wuyan mutane suna neman kaluluwa, suna tsotso ruwanta da allura su duba a madubin likita. Suka tarar cutar ta yi yawa ainun. Masana irin su Dokta Nash, wanda ya ƙware kan sha'anin ƙudan tsando, sun riga sun gano cewa ƙudan ba ya jure zafin rani sai ya fake a inuwar kurmin bakin rafi, daidai inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka. In aka sare kurmin, ƙuda ya hallaka. Amma saran kurmi kowace shekara yana bukatar hannuwa da yawa, ga shi kuwa ƙauyuka a warwatse suke. Don haka daga 1937 aka shiga tattara mutane cikin wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 70, aka share rafuka, aka gina rijiyoyin siminti, aka fitar da sabon gari mai faffaɗan tituna kusa da tsohon, aka sa masa suna Takalafiya. Ba kowa ya tashi da son ransa ba, kuma aikin saran kurmi na tilas ne, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Duk da haka akwai abin lura a ciki: sai da aka yi awo aka san inda cutar ke kwana, sa'an nan aka ja igiyar gini. Ishaya yana ɗan shekara 10 aka fara wannan aiki a garin haihuwarsa.

Daga Wusasa Zuwa Landan

Ya yi karatunsa na farko a makarantar St. Bartholomew ta Wusasa, ƙaramar unguwar da mishan ta koma bayan ta bar cikin birnin Zariya. Wannan 'yar unguwa ta fitar da mutane fiye da girmanta. Daga wannan mishan ne Likita Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, ya fito, nan kuma Yakubu Gowon ya yi makaranta daga baya. Daga Wusasa Ishaya ya wuce babbar kwalejin Yaba a Ikko, sa'an nan a 1948 ya shiga sabuwar Kwalejin Jami'a ta Ibadan, shekarar da aka buɗe ta.

A nan ya kamata mu ɗan dakata, gama abin da ya faru a Ibadan shi ne mabuɗin abin da ya biyo baya a Zariya. Ilmin likita kashi biyu ne. Akwai na aji, inda ake koyon ƙirar jikin mutum da yadda yake aiki, akwai kuma na bakin gado, inda ɗalibi ke tsayawa a kan majinyaci tare da malaminsa. Na farkon ya samu a Ibadan. Na biyun kuwa aka yi nufin yin sa a asibitin Adeoyo, watau asibitin En'e na garin. Jami'ar Landan, wadda ita ke ba da digiri a lokacin, ta ga asibitin bai kai a horar da likita a cikinsa ba. Saboda haka aka riƙa tura ɗalibai Ingila su ƙarasa, har a gina asibitin da ya dace. Ishaya Audu yana cikin waɗanda aka tura. Ya ƙarasa a asibitin King's College na Landan, ya fito likita a 1954. Babban asibitin koyarwa na Ibadan kuwa, mai gado 500, sai a watan Nuwamba na 1957 aka buɗe shi.

Ba mu raina wannan gini ba, ya yi wa ƙasa aiki mai yawa. Amma a duba abin da tsarin ya haifar a shekarun jira. Yaron da aka haifa a ƙasar ciwon barci da ƙyanda da sanƙarau, an kai shi ya koyi aikin bakin gado a kan cututtukan mutanen Landan. Da ya so sanin cututtukan ƙasarsa a ilmance, sai da ya je makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool. Ga cutar a ƙofar gida, amma iliminta yana hayin teku.

Da ya komo ya yi aiki a asibitocin Gwamnatin Jihar Arewa, ya ƙware a kan cututtukan yara, har ya zama likitan Firimiya, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Kirista ne ɗan mai wa'azi, amma shi aka danƙa wa lafiyar jikan Shehu, wannan kuwa ya isa shaida a kan amanarsa. Bayan an buɗe makarantar likitoci ta Ikko a 1962 ya koma can yana koyar da ilmin cututtukan yara.

Shugabanci A Mugun Lokaci

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, shugabanta na farko kuwa Sir Norman Alexander ne, mutumin New Zealand. A 1966 aka naɗa Ishaya Audu ya gaje shi, yana da shekara 39. Babu shekarar da ta fi wannan muni ga mai karɓar irin wannan aiki. An kashe Sardauna, uban jami'ar, ran 15 ga Janairu. Tarzoma ta tashi a watan Mayu, ta sake tashi a Satumba, malamai da ɗalibai da ma'aikata 'yan Gabas suka bar Zariya. A 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida, jami'ar da ke da uba ɗaya ta wayi gari da iyaye shida, kowanne da ramin da yake son cikewa a gidansa. A wannan shekara kuma yaƙin basasa ya ɓarke.

To, a cikin wannan hali ne aka buɗe sashen koyar da likitoci, a 1967. Babu kuɗin gina irin na Ibadan, kuma babu lokacin jira, domin likitoci 'yan Arewa ba su taka kara sun karya ba, da yawa daga cikin baƙin da ke riƙe da asibitoci kuma sun tafi. Sai aka kafa wata Cibiyar Lafiya a ƙarƙashin jami'a, aka miƙa mata asibitocin gwamnati da suke nan a tsaye: na Tudun Wada a Zariya, da na Kaduna, da na Malumfashi, garin Galadiman Katsina. Watau irin asibitin da aka ce bai isa ba a Ibadan shekara 20 da suka wuce, shi aka ɗauka a Zariya aka ce a nan za a koyar, a nan za a yi bincike, abin da ya rasa a ƙara masa. Aka yi ta ƙare-ƙaren ɗakunan awo da na karatu a jikin tsofaffin gine-gine.

Tilas ce ta kawo wannan shawara, amma tunanin masana na lokacin ma ya fara karkata can. Ibadan da kanta ta buɗe wurin koyarwa na karkara a Igbo-Ora a 1963, a 1966 kuma Likita Maurice King na Makerere a Yuganda ya fitar da littafinsa a kan yadda za a yi aikin likita a ƙasashe matalauta da abin da ke hannu. Kuma ba Ishaya Audu kaɗai ya ɗauki nauyin ba. Farfesa Umaru Shehu, masanin lafiyar jama'a, shi ya riƙe Cibiyar a shekarun 1970. Rabon shugaban jami'a a irin wannan aiki shi ne neman kuɗi wajen gwamnatoci shida, da jawo ƙwararru su zo garin da ba su taɓa jin sunansa ba, da kare su daga masu cewa bincike almubazzaranci ne alhali majinyata na kwance a ƙasa. Dacen da aka yi shi ne mai riƙe da kujerar likita ne, ya san bambancin asibitin da ke warkarwa kawai da wanda ke warkarwa yana kuma rubuta abin da ya gani.

Abin Da Ya Fito Daga Ɗakunan Majinyata

Likitocin da suka taru a Zariya daga 1969 zuwa 1970, irin su Eldryd Parry da Brian Greenwood da David Warrell, sun tarar da cututtukan da littattafan Turai ba su ce kome a kansu ba sai kaɗan. Bari mu kawo uku, domin duk mai karatu ya san su.

Na farko ciwon zuciya na masu jego. Likitoci suka lura mata na zuwa bayan haihuwa da kumburin jiki da haki, zuciya ta gaza, kuma yawansu ya wuce abin da aka sani a ko'ina. Da yake suna rubuta garin kowace mace da watan da ta zo da abin da ta yi tun daga ranar haihuwa, sai siffa ta fito: yawancinsu Hausawa ne na Zariya da kewaye, kuma sun fi zuwa a watannin zafi da damina. Davidson da Parry suka tattara labarin mata 224, suka bi su shekaru, suka buga a 1978. Suka danganta abin da wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Hujjarsu ita ce zafi na ƙara wa zuciya aiki, kanwa kuwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki. Binciken da likitocin Kano suka yi a wannan ƙarni ya nuna al'adar ba ita ce dukan dalili ba, gama ana samun ciwon ga waɗanda ba su yi ta ba, kuma talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jini suna da hannu. Wannan bai rage darajar aikin farko ba. Da ba a rubuta na Zariya dalla-dalla ba, da na Kano ba su sami abin da za su gyara ba.

Na biyu saran kububuwa, macijin da manoma ke kira gobe da nisa. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zub da jini ta dasashi da ta ciki har ya mutu bayan kwanaki. Wahalar ma'aikacin asibiti ita ce ya san wanda dafi ya shiga jikinsa da wanda bai shiga ba, domin maganin dafi yana da tsada kuma shi kansa yana da haɗari. Daga aikin da Warrell da abokansa suka yi a Zariya da asibitocin ƙasar Gombe aka daidaita wani awo mai sauƙi. A ɗebi jini kaɗan a zuba a kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya, a ajiye minti 20, sa'an nan a karkata ta. In jinin ya daskare, da sauƙi. In ya zubo kamar ruwa, dafi ya shiga, a ba da magani. Babu lantarki a ciki, babu inji. Wannan awo ya bazu har Asiya, kuma malamin asibiti na ƙauye yana iya yin sa da agogon hannunsa.

Na uku shi ne wanda ya fi shafarmu, watau sanƙarau. Tun 1963 wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana zirin ƙasar da annobar ke bi a kudancin Sahara, mu da Maraɗi da Damagaram kuwa muna tsakiyarsa. Tana tasowa da rani, ta yi tsanani da bazara, ta lafa in ruwa ya sauka. Greenwood da abokan aikinsa sun kafa ɗakin awo a asibitin Zariya, suka gyara hanyoyin gane irin ƙwayar cutar da sauri daga ruwan ƙashin baya. Da annoba ta auka wa Zariya a 1977, shekara 2 bayan Ishaya Audu ya sauka, ta tarar da mutane da kayan aiki a shirye. A lokacin aka gwada allura guda ta maganin chloramphenicol mai mai, wanda ke daɗewa a jiki, aka ga tana aikin da allurai na kwanaki ke yi. Duk wanda ya taɓa ganin rumfar sanƙarau, majinyata ɗari da ma'aikaci biyu, ya san abin da allura guda ke nufi. Shekaru da yawa wannan ce hanyar da aka bi wajen annoba a Afirka, har gwajin da aka yi a Nijar a 2003 ya nuna allurar ceftriaxone guda ma tana yin haka.

Malumfashi kuwa aikinta dabam ne. Asibiti, kome kyansa, wanda ya zo kaɗai yake gani. Wanda ya mutu a gida, da wanda ya tafi wurin mai magani, da wanda kuɗin mota ya hana, duk ba su cikin rajista. Saboda haka a tsakiyar shekarun 1970 jami'a ta haɗa kai da makarantar Liverpool, wadda Ishaya Audu ya yi karatu a cikinta, aka kafa aikin binciken cututtukan ƙasar Malumfashi. Aka fara da ƙidayar mutanen ƙauyukan kewaye gida gida, Musulmi da Maguzawa, ana rubuta haihuwa da mutuwa. Sa'an nan aka auna yawan tsargiya a jikin yara maza masu wanka a kududdufi da madatsun ruwa, da zazzaɓin cizon sauro, da saran maciji. Sai da aka san yawan mutanen ƙasa kafin adadin marasa lafiya ya zama da ma'ana. Malaman En'e da suka yi aikin ƙidayar haraji ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

Ginin Da Bincike Ke Bukata

In aka dubi waɗannan ayyuka za a ga babu wanda ya bukaci bene mai hawa bakwai. Abin da suka bukata ƙanana ne, amma irin waɗanda in ba a sa su a zanen gini tun farko ba, da wuya su samu daga baya.

Mafi girmansu, a ganinmu, ɗakin ajiye katuna ne. Mu malaman makaranta mun san abin da rajistar aji ke yi: ita ke nuna yaron da ya fara fashi tun kafin uban ya sani. Haka katin majinyaci. Matan nan 224 ba a iya bin su shekaru ba sai don kowace tana da lamba ɗaya, da kati ɗaya, da sunan unguwa da na mai gida a rubuce yadda za a same ta. Amma sau nawa ake gina asibiti a manta da wannan ɗaki, a tara katuna a kwali a lungun da rufi ke yoyo, gara ta ci rabi? Ɗaki ne da ke son busasshen wuri, da kanta ta ƙarfe, da ƙofa mai makulli, da akawu wanda aikinsa ke nan ba wani ba. Ko da kwamfuta ta zo, ba ta sauke wannan nauyi ba, sai ma ta ƙara bukatar wuta. Shaida a kan darajar rubutu ita ce aikin Farfesa Kelsey Harrison a asibitin Zariya, inda aka rubuta haihuwa 22,774 a jere daga 1976 zuwa 1979. Daga wannan tari aka ga ƙarara cewa matan da ba su zuwa awon ciki, da waɗanda ba su yi makaranta ba, da 'yan mata ƙanana, su ne suka fi mutuwa wajen haihuwa. Wannan magana ta shafe mu masu aikin ilmi kai tsaye, kuma daga katunan ɗakin haihuwa ta fito.

Sai ɗakin awo, wanda ya kamata ya kasance jikin ɗakin majinyata, ba can ƙarshen fili ba. Ƙwayar sanƙarau ba ta da ƙarko a wajen jiki, in ruwan ƙashin baya ya daɗe a hanya sai a shuka shi kome bai tsiro ba. Ɗakin yana son taga mai haske saboda madubi, da ruwa, da firji wanda wutarsa ba ta yankewa. A yau faifan hasken rana ya sauƙaƙa wannan ƙwarai. Akwai kuma fili da za a bari a gefe, mai inuwa da iska, inda za a kafa rumfa in annoba ta zo, da gidajen ma'aikata a cikin shinge, gama likitan da ke kwana a wani gari ba ya ganin abin da zazzaɓi ke yi da tsakar dare.

Akwai wani ɗaki kuma da ba a cika tunawa da shi ba, ƙarami, mai kujera uku da ƙofa, inda za a zauna da uba ko uwa a yi musu bayani da harshensu kafin a sa ɗansu cikin gwaji, su yarda ko su ƙi. Abin da ya faru a Kano ya nuna muhimmancinsa. A annobar 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya ta kashe sama da 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a cikin gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka mutu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musa laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba, gama wannan labari yana cikin abin da mutane suka riƙa kawowa sa'ad da aka ƙi allurar shan inna a 2003. Masu gwajin Kano sun zo ne na 'yan makonni suka tafi. Na Zariya da Malumfashi kuwa a garin suke zaune, majinyacin bara yana iya tare su a kasuwa.

Kada kuma a ce wannan sai garin da ke da jami'a. Asibitin kutare na Babbar Ruga, nan bayan Katsina, ya zama wurin aikin yoyon fitsari tun daga shekarun 1980, kuma rubuta kowane aiki da aka yi a can ya sa likitocin ƙasashe da yawa suka zo koyo. A hayin iyaka kuma, a ƙasar Madarunfa da ke maƙwabtaka da Jibiya, an gwada wata rigakafin gudawar jarirai mai jure zafi a ƙananan asibitocin karkara, a kan jarirai kimanin 3,500, tare da Ma'aikatar Lafiya ta Nijar. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ta hana kimanin kashi biyu cikin uku na gudawa mai tsanani irin wadda ƙwayar rota ke kawowa. Mutanen da aka yi wannan aiki a cikinsu 'yan'uwan mutanen Bugaje ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya, cuta ma ɗaya. In an zo gina asibiti ko faɗaɗa shi a wannan gefe, ya kamata hakimi da kansila da malamin makaranta su nemi a nuna musu inda ɗakin katuna da ɗakin awo suke a takardar zane kafin a haƙa tushe.

Tsarin Zariya yana da nasa aibi, ba mu ce babu ba. Asibitoci uku a garuruwa uku wahala ce ga ɗalibai da malamai, tsofaffin gine-gine kuma sun cika har sun batse. Yawancin manyan masu binciken farko baƙi ne, kuma sun tafi: Parry ya koma Ilori a 1977, Greenwood ya koma Gambiya a 1980. Da kuɗin man fetur ya ja baya a shekarun 1980, ɗakunan awo da yawa suka yi sanyi. Abin da ya rage shi ne ɗaliban da aka horar, waɗanda suka zama malaman makarantun likitoci na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ishaya Audu ya bar shugabancin jami'a a 1975, bayan shekara 9, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar, kuma shekarar da aka sauke Janar Gowon, ɗan makarantarsu ta Wusasa. Ya karɓi jami'a ƙarama ya bar ta da ɗalibai dubbai. A 1979 ya shiga siyasa, ya tsaya mataimakin Dokta Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar N.P.P. Ba su ci ba, amma da jam'iyyarsu ta ƙulla yarjejeniya da N.P.N. sai aka ba shi Ministan Harkokin Waje, ya riƙe har 1983. Bayan juyin mulkin ƙarshen wannan shekara aka tsare shi tare da sauran 'yan siyasa, daga baya aka sake shi.

Da ya fito bai nemi Ikko ko Landan ba. Ya koma Samaru, bakin ƙofar jami'ar da ya shugabanta, ya zauna a ƙaramin asibitinsa yana duba yara da iyayensu mata, yana kuma aikin majami'a. Mutumin da ya yi jawabi a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙare yana sa abin sauraro a ƙirjin jariran unguwa.

Ya rasu ran 29 ga Agusta, 2005, a Amurka, yana da shekara 78. Babban asibitin koyarwa na Shika, wanda aka fara gininsa tun shekarun 1970, sai a watan Nuwamba na wannan shekara aka tare a cikinsa, wata 3 bayan rasuwarsa. Likitocin da jami'ar ta yaye cikin shekara 30 da 'yan kai kafin nan, a Tudun Wada da Kaduna da Malumfashi suka koyi aikin bakin gado. Asibitin Malumfashi kuwa yanzu yana hannun Gwamnatin Jihar Katsina.